Kalmar Resource da Rijiyar da Ke Bayan Gidanku

Ya ku ƙannena da 'ya'yana na Gwandu da Kalgo,

Akwai wata kalmar Turanci da ta shiga bakinku ta zauna daram, har wanda bai yi nisa a boko ba yana faɗinta. Kalmar ita ce resource, wadda muke furtawa risos. Na fi jin ta a jam'i, kuma kusan kullum tana tafe ne tare da "babu". Kwanakin baya a Kalgo, muna tsaye bakin hanyar Bunza muna jiran mota, na tambayi wani ɗan ƙanwata da ya gama hidimar ƙasa halin da yake ciki. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, niyya akwai, resources ne babu." Na ce ya faɗa mini da Hausa. Ya ce, "Kuɗi." Yaron nan ilmin sinadarai ya karanta. Mahaifinsa yana da fadama, kuma ya daɗe yana noman rani tun ana ɗaga ruwa da jigo. A aljihunsa akwai wayar da za ta iya buɗe masa littattafan da kakanninmu suka yi tafiyar watanni suna nema. Duk da haka, da ya ƙirga abin da yake da shi, bai ga komai ba.

Ban ga laifinsa ba. Kuɗi yana cikin ma'anar kalmar, kuma rashinsa ciwo ne na gaske. Wanda ba shi da kuɗin taki ba a sallamarsa da daɗin baki. Abin da ya dame ni shi ne yadda kalma mai faɗin fadama ta tsuke a bakinmu har ta koma girman aljihu. Mutum yana gani ne gwargwadon kalmomin da yake tunani da su. Idan kalmar ta tsuke, ido ma sai ya tsuke.

Bari mu bi sawunta. Turawan Ingila aro suka yi daga Faransanci a farkon ƙarni na 17. Shi ya sa maƙwabtanmu na Gaya da Dosso, masu karatu da Faransanci, suke rubuta ta da harafin s guda biyu, mu kuma da guda. Faransanci ya gaje ta daga Latin, daga wata kalma, resurgere, mai nufin sake tasowa, miƙewa bayan an faɗi. 'Yar'uwarta ta jini ita ce source, wadda asalinta idon ruwa ne, inda ruwa yake ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Duk wanda ya taɓa ban ruwa ya san hoton da ke cikin wannan. Ka kwashe ruwan rijiyar lambu da la'asar har guga ya soma ɗebo laka, ka tafi gida, da asuba ka dawo ka tarar ta tara. Wannan sake tarawar ita ce zuciyar kalmar. Ma'anarta ta farko a Turanci ita ce abin da mutum yake komawa gare shi idan buƙata ta taso ko hanya ta toshe. Sai daga baya jam'inta ya zama sunan dukiyar ƙasa.

Ku 'yan makarantar zaure kun fi kowa kusa da fahimtar wannan. Larabawa suna ce wa abin da muke magana a kai mawarid, jam'in mawrid, wato mashaya, wurin da makiyayi yake kora garke su sha ruwa. Ƙamusun nan na Turanci da Larabci da Munir Ba'albaki na Lebanon ya fitar a 1967, wanda yake hannun ɗaliban Larabci da yawa a ƙasar nan, sunansa Al-Mawrid, domin mai shi ya ɗauki ƙamus a matsayin mashayar masu ƙishirwar kalmomi. Harsuna biyu da ba dangin juna ba, kowanne da ya tashi neman suna sai ya nufi bakin ruwa.

Mu kuma da masu fassarar labarai suka zo kanta sai suka ce albarkatu, kuma sun yi dace, domin albarka tana ɗauke da ma'anar ƙaruwa da ɗorewa. Matsalar ita ce mun ɗaure ta da kalmar ƙasa har ba a jin ɗaya sai da ɗayar. Albarkatun ƙasa, albarkatun man fetur, albarkatun ruwa. Tun da aka samu man fetur a Oloibiri a 1956, kuma musamman tun da kuɗinsa ya rinjayi na gyaɗa da auduga, kunnuwanmu suka saba jin kalmar a wajen rabo. Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 162, ya ware aƙalla kashi 13 cikin ɗari na kuɗin da aka samu daga albarkatun ƙasa ga jihohin da suka fito, kuma gardamar da ake kira resource control ta cika rediyo shekara da shekaru. Yaron da ya tashi yana jin haka dole ya ɗauka cewa resource abu ne da ke can nesa, a ƙarƙashin ƙasar wasu, ana kasa shi a Abuja duk wata, kai kuma naka jira. Kalma ce ta tasowa muka mayar da ita ta zaman jira.

Ga masu rubuta jarrabawa da masu haɗa kundin kammala karatu, ga yadda ake sarrafa ta. Idan tilo ce, tana nufin abu guda da ake dogara da shi: ɗakin karatu, ƙamus, rijiya, tsohon da ya san tarihin gari. Idan jam'i ce, tana nufin jimillar abin da mutum ko hukuma ko ƙasa take da shi na kuɗi, kayan aiki, lokaci da mutane. Kada ku haɗa ta da source. Source tushe ne, inda abu ya fito. Resource kuwa abin da ake komawa a ɗiba. Idan kun ɗauko bayani daga wani littafi, littafin ya zama source ɗinku. Ɗakin da ke ajiye da littattafan shi ne resource. Wasu suna furta tsakiyarta da s, wasu da z, duka biyun karɓaɓɓu ne. Resource person shi ne masanin da aka gayyato ya koyar a wajen bita. Ko adireshin shafin intanet da ake taƙaitawa URL, harafin tsakiyarsa wannan kalmar yake wakilta. Amma reshen da na fi so ku riƙe shi ne resourceful. Bature ba ya kiran mai tarin dukiya da wannan suna. Yana ba da shi ne ga mai dabara, wanda in hanya ta toshe yake samo wata, wanda yake iya yin aiki da guntun gatarinsa. Harshen da kansa ya ajiye yabonsa ga mai kai, ya tsallake mai aljihu.

Yanzu mu dawo gida, domin Gwandu tana da labarin da ya fi duk wani ƙamus bayyana wannan kalma.

A 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu ɗan Abdullahi, wani matafiyi Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya sauka a Gwandu a kan hanyarsa ta zuwa Tambutu. Ya yaba albasar garin da tsanwar da ke bin kwarin da ya ratsa shi. Amma babban abin da ya tafi da shi daga Gwandu yana cikin gafaka. Wani malami a garin ya ara masa kwafin Tarikh al-Sudan, tarihin Songhai da Tambutu wanda Abdurrahman al-Sa'adi ya rubuta a tsakiyar ƙarni na 17. Barth ya duƙufa kwanaki yana kwafe abin da ya iya, ko da yake ya yi kuskuren jingina littafin ga Shehu Ahmad Baba. Abin da ya kwafe a Gwandu shi ne ya soma buɗe wa masanan Turai ido cewa a bakin Kwara an yi dauloli masu sarakuna da alƙalai da rubutaccen tarihi. Sai kusan ƙarshen ƙarni na 19 aka buga cikakken littafin a Faris, kuma har yau ba a rubuta tarihin Afirka ta Yamma ba tare da an sha daga gare shi ba.

Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan. Littafin an rubuta shi a yankin Tambutu. Wani ya kwafe shi da hannu, wani ya ɗauko shi a bayan raƙumi ko jaki, wani ya adana shi daga gara da ɗigar damina har ya kai ranar da baƙo ya zo. Kowannensu ya san darajar abin da ke hannunsa. Tambayar da nake yi wa kaina, nake kuma yi muku, ita ce: gafaka nawa ce irin wannan take rataye yau a ɗakunan gidajen malamai na Gwandu, wadda jikokin mai ita ba su taɓa kwance igiyarta ba? Takarda ba ta jira. Gara ba ta san Larabci ba. Ɗalibin tarihi ko na Larabci da yake kukan rashin abin da zai yi bincike a kai, alhali akwai irin wannan taska a zauren kakansa, ƙishirwa yake ji a bakin rijiya. Ko hoton shafukan kawai ya ɗauka da wayarsa, da izinin masu su, ya tsara su, ya rubuta sunan kowane littafi da mai shi, ya yi aikin da za a gode masa bayan shekara ɗari. Gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato da Arewa House a Kaduna sun tara rubuce-rubuce irin waɗannan, kuma a can zai samu waɗanda za su nuna masa yadda ake yi.

Shi kansa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa yake tsakaninku, da me ya yi aiki? Babu maɗaba'a, babu lantarki. Takarda sai ta ƙetaro Sahara, tawada a gida ake haɗa ta, alƙalami kara ne da aka feƙe. Rayuwarsa kuma ta cika da hijira da yaƙi. A 1805 aka yi gumurzun Alwasa, abokan gaba suka biyo jama'a har ƙofar Gwandu. A cikin wannan hali ya rubuta Diya'ul Hukkam a Kano, ya rubuta tafsirinsa Diya'ut Ta'wil, ya tsara nahawu da sarfu a cikin waƙe, ya tattara Tazyinul Waraƙat. Akwai kuma wani ɗan littafinsa da nake so ku lura da shi, Ida'un Nusukh, inda ya zauna ya jera malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a gaban kowanne, tun daga mahaifinsa da yayansa Shehu Usmanu har zuwa Malam Jibrilu ɗan Umaru. A ganina wannan lissafin dukiya ne. Mutumin da aka damƙa wa yammacin daular Sakkwato, da ya tashi rubuta abin da ya tara, sai ya ƙirga mutanen da ya sha a wurinsu. Ya rasu a 1829, kuma mashayar da ya bari ba ta ƙafe ba.

Wani masanin tattalin arziki, Erich Zimmermann, ya kafa hujja tun 1933 cewa abu ba ya zama resource don kawai yana nan. Sai buƙata da sani sun haɗu a kansa. Ba sai mun je ƙasarsa mun ga gaskiyar wannan ba. Ranar da muke kuka da ita a watan Afrilu ita ce ranar da kakanninmu suka yi kuka da ita. Bayan an janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, man injin ban ruwa ya fi ƙarfin manoma da yawa, sai ga faifan sola yana bayyana a bakin fadamu. Rana ba ta canza ba. Buntun shinkafa a da tsibi ake yi da shi a bayan injin a cinna masa wuta. Yau masu turara shinkafa suna hura wuta da shi, masu kiwon kaji suna shimfiɗa shi, akwai kuma masu curawa su mayar da shi makamashin girki. Ita fadama kuwa, sunanta ma Bankin Duniya ya ara a farkon shekarun 1990 ya raɗa wa shirinsa na noman rani, ya bar kalmar da Hausarta. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwambar 2015, kuma ba don komai aka zaɓi jihar nan ba sai don wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ta bakin Gulbin Rima da ƙwarewar masu nomanta. Wasu sun hango daga nesa abin da muke takawa kullum.

Ku ɗauki albasa. Daga Aliero zuwa Gwandu kowa ya san yadda ake yi. Lokacin cira kasuwa ta cika, farashi ya faɗi warwas, manomi ya sayar don ya biya bashi. Wanda ya iya ajiyewa a rudu sai ya yi ta zuba ido yana tsince ruɓaɓɓu, kafin farashi ya tashi wani kaso ya tafi. Tsakanin ranar cira da ranar tsada akwai dukiya mai yawa da take narkewa kowace shekara. Wanda zai cece ta shi ne wanda ya fahimci yadda iska, zafi da laima suke aiki a jikin albasa, ya kuma zauna da tsofaffin manoma ya ji abin da suka gano da hannunsu: wace iri ce take jure ajiya, yaushe ake yanke mata ruwa, kwana nawa ake barinta ta sha iska. Boko shi kaɗai ba zai yi ba, gado shi kaɗai ma ya kai inda zai kai. A nan ne nake ganin gurbin yara irin ɗan ƙanwata. Kuma tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, mazauninta kuma ya zo ƙasar Kalgo, masana sun zama maƙwabtanku. Malamin jami'a mutum ne. Ana yi masa sallama, ana gaishe shi, ana kawo masa tambaya. Da yawansu sun fi murna da tambayar da ta fito daga gona a kan wadda ta fito daga takardar jarrabawa.

Sai dai dole in ja kunnenku, domin ba kowane abin da ake kira da wannan suna ba ne yake sake tarawa. Akwai rijiya, akwai kuma rami. Zinariya, ko ta ƙasar Yawuri ko ta Zamfara, in an ɗebe ta tafi ke nan. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, mutane suka riƙa kawo duwatsun zinariya cikin gida suna niƙawa, ƙurar dalma ta bi tsakar gida da kwanukan abinci, yara fiye da 400 suka rasu. Iyayensu neman halak suka fita, ba wanda ya gaya musu abin da ke cikin dutsen. Masana ma suna da suna ga yadda ƙasashe masu tarin ma'adinai suke ƙarewa cikin talauci da rikici. Richard Auty ya kira shi resource curse a 1993, wato albarkar da ta juye ta zama masifa. Ku sani kuma, a dokar ƙasar nan, sashe na 44 na kundin tsarin mulki ya damƙa ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa ga gwamnatin tarayya, ko da a gonar gadonku suke. Saboda haka saurayin da ya bar fadama ya bi ayarin masu haƙa ba tare da izini ba, ya bar abin da yake nasa ya tafi ga abin da doka ba ta ba shi ba, ya kuma jefa ransa cikin rami. Ita ma fadamar amana ce. Ambaliyar 2020 ta nuna mana ruwan da yake ciyarwa yana iya shafe gonar shekara cikin dare ɗaya, kuma ƙasar da aka yi ta ɗura wa taki da maganin feshi ba lissafi tana gajiya. Itatuwan da ake sarewa don gawayi suna sake tsirowa ne kawai in an bar musu lokaci.

In Allah Ya ba ku aikin ofis za ku tarar da sashen da ake kira human resources, mai kula da ɗaukar ma'aikata da albashinsu. Ku karɓi sunan a matsayin sunan ofis. Amma ranar da kuka zama masu ɗaukar wasu aiki, ko da 'yan ƙwadagon dashen shinkafa ne, ku tuna cewa Allah Ya karrama ɗan Adam, ba a lissafa shi tare da buhunan taki. A biya shi kafin guminsa ya bushe.

Kafin motarmu ta zo ran nan, na ba ɗan ƙanwata aiki. Na ce ya samu takarda ya raba ta gida uku. A gida na farko ya rubuta abin da ya iya da kansa da hannunsa, har da wanda yake ganin bai kai a faɗa ba. A na biyu ya rubuta mutanen da zai iya yi wa sallama su saurare shi, ya fara da mahaifinsa. A na uku ya zaga unguwarsu da fadamarsu ya rubuta duk abin da ake zubarwa, ko ake ƙonawa, ko ake bari ya ruɓe. Na ce kada ya rubuta kuɗi a ko'ina tukuna. In takardar ta cika za mu zauna mu ga nawa ake buƙata, da wanda za a tunkara, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Bayan kwana huɗu ya kira ni da daddare. Ya ce gida na uku ya cika har ya juya bayan takarda, kuma ya kwana biyu yana bin mahaifinsa lambu. Tsohon ya nuna masa yadda ake gane albasar da za ta jure ajiya tun daga wuyanta, abin da bai taɓa tambaya ba duk tsawon shekarun da yake cin tuwon gidan. Mun yi alkawarin haɗuwa a Kalgo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, zai zo da takardar.